Tsohon shafina na Facebook ya zame mini ƙarfen ƙafa

Assalamu alaikum. Don Allah 'yan'uwa, shawara nake nema.

Ɗalibar aikin jinya ce ni, shekarar ƙarshe. Malamarmu ta ce masu ɗaukar aiki sukan rubuta sunan mutum a Google kafin su kira shi. Da daddare na gwada nawa, sai gabana ya faɗi. Shafin da na buɗe a 2017 ina sakandare ne ya fara fitowa: hotunan biki, habaici ga ƙawaye, har da rubutun da nake yi wa masu rakin allura dariya. Yarinta ce, amma cikakken sunana ne a kai.

Na manta kalmar sirri. Layin da na buɗe shi da shi ya ɓace tuni, da na kira lambar wani bawan Allah ne ya ɗauka. Imel kuwa ban sa ba. Ƙawaye uku sun kai ƙarar shafin, har yau yana nan.

In na tura hoton katin shaidata, za a mayar mini da shi? Ko gogewa ma ta ishe ni. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ta ina ya ɓullo?