Rauta daban, ekstenda daban: za su yi aiki tare?

Ɗan Ƙofar Soro: Assalamu alaikum jama'a, ku ba ni shawara. Rautata tana ɗakina kusa da zaure, gidanmu kuma tsohon ginin ƙasa ne mai kaurin bango, sabis ba ya isa sashen Inna. Duk sanda ƙanena ya kira ta da bidiyo daga Madina, sai ta fito tsakar gida gindin bedi tana ɗaga waya sama, har cikin sanyin nan na dare. Abin yana damuna ƙwarai. Jiya na sayo ekstenda, wato na'urar ƙara wa Wi-Fi nisa, na jona a ɗakinta, jar wuta kawai take nunawa. An ce mini wai dole sai kamfaninsu ɗaya da rautar. Haka ne?

Injiniya, Layout: Wa alaikumus salam. Kar ka mayar da ita tukuna, Malam. Ƙa'idar Wi-Fi ɗaya ce ko'ina, ita ake kira 802.11, shi ya sa Tecno da Samsung da iPhone duk suke hawa rauta guda. Ekstenda ma kamar waya take kama rautar, sannan ta sake watsawa. Matsalar wurin da ka jona ta ne. Ka kai ta inda sabis ya riga ya mutu, me za ta raba? Ka fara haɗa su a ɗaki ɗaya, in ta kama ka matsar da ita tsakiya, inda wayarka ke nuna kara biyu ko uku.

Mai shago, Ƙofar Ƙaura: Gaskiyar Injiniya. Danna maɓallin WPS, wato na haɗa na'urori ba tare da rubuta lambar sirri ba, a jikin rauta, ka danna na ekstenda kafin minti 2 ya cika. In ta ƙi, shiga saitin rautar ka duba tsaro. Idan sabon tsarin tsaro na WPA3 zalla aka sa, tsofaffin ekstenda ba sa gane shi, WPS ɗin ma ba ya aiki da shi. Mayar da shi WPA2 ko haɗin biyun. Sau da yawa ana dawo mini da kaya a ce sun lalace, alhali wannan ne kawai.

Malamin sakandare, Daura: Amma ni mai sayarwa ya ce sai na haɗa kamfani ɗaya in ina son waya ta riƙa sauyawa da kanta daga ɗaki zuwa ɗaki. Ke nan ya cuce ni?

Injiniya, Layout: Bai cuce ka ba, Malam, wannan maganar mesh ce, wato tsarin da na'urorin Wi-Fi ke haɗuwa su zama layi ɗaya a gida, kuma nan ne kamfani yake da tasiri. OneMesh na TP-Link da 'yan gidansu kaɗai yake tafiya, AiMesh kuma na ASUS ne. In ka haɗa su da wani kamfani za su yi aiki dai a matsayin ekstenda ta gama-gari, amma wancan sauyawar cikin sauƙi ba za ka samu ba. Akwai EasyMesh da Wi-Fi Alliance ta fito da shi a 2018 don kamfanoni daban-daban su fahimci juna, sai dai ka tabbata yana rubuce a kwalin duka biyun. WDS kuwa, tsohuwar hanyar haɗa rauta da rauta ba kebul, ban ba kowa shawararsa tsakanin kamfani biyu ba, kowa da yadda ya tsara nasa.

Hajiya mai ɗinki, Rafin Daɗi: Ni tawa ta kama lafiya, kara cike, amma sai hoton atamfa ya yi ta juyawa kafin ya tafi wa kwastoma.

Injiniya, Layout: Hajiya, in mai zango ɗaya ce, wato 2.4GHz kaɗai, da rediyo guda take karɓa take kuma turawa, don haka gudun yakan ragu kusan rabi. Mai zango biyu ta fi, ko da yake 5GHz ba ya ratsa bango kamar 2.4. Ni dai a gidan ƙasa kebul na fi yarda da shi. Kebul ɗin intanet na Cat6 yana kaiwa mita 100. A ja shi ta bin katanga cikin bututu saboda rana da ruwa, a sa ekstendar a tsarin access point, wato ta karɓi sabis ta kebul ta watsa, in tana da ramin kebul. Nan babu ruwanka da kamfani, gudu kuma ba ya rabewa.

Mai shago, Ƙofar Ƙaura: A kuma lura da soket. Wasu rautarsu na kan inbata, ekstenda na kan layin nefa, ana ɗauke wuta sai ta mutu su ce sabis ne.

Ɗan Ƙofar Soro: Alhamdulillahi! Na haɗa su a ɗakina, na mayar da ita soket ɗin barandar kicin, wuta ta koma kore. Yanzu Inna na kan gadonta suna magana da ƙanena, ina jin dariyarta daga nan. Allah ya saka da alheri. Injiniya, soket ɗin barandar ba ya kan inbata, gobe zan kira mai gyaran wuta ya ja mini layi.