An ce makarantarmu ta gaza, da wane ma'auni?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina cikin kwamitin iyaye na COGES, wato kwamitin kula da makaranta, a wani kwalejin gwamnati (CEG) nan Damagaram. Tun da sakamakon BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, ya fito ake kiranmu makarantar da ta gaza, har iyaye sun fara kwashe ƴaƴansu zuwa makarantun kuɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawan waɗanda suka ci jarrabawa kaɗai ake dubawa. Yaranmu wasu a rumfar zana suke karatu, huɗu a benci ɗaya, kuma da dama sun iso kwaleji ba sa iya karanta Faransanci. Malaman kwantiragi sun yi ƙoƙari wallahi, amma lissafin bai nuna ba. A Amurka ma dokar 2002 mai yi wa makarantu irin wannan lakabi an sauya ta a 2015.

Malamai da sufetoci, don Allah ku taimaka: ta yaya za mu auna ci gaban yaro daga shigowarsa 6e (ajin farko na kwaleji) zuwa 3e (ajin ƙarshe)? Makin kowane zangon karatu na bilitan (takardar sakamakon ɗalibi) zai isa hujja? Kuma wa ya kamata mu fara kai wa, darakta ko ofishin ilimi na jiha?