Malaminmu na wasanni ya rasu: me tsofaffin ɗalibai za su yi masa da zai ɗore?

Sakataren Tsofaffin Ɗalibai:

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa malaminmu rasuwa wata biyu da suka wuce. Ya koyar da lissafi a sakandaren gwamnati ta garinmu sama da shekara 30, kuma shi ne malamin wasanni, shi ya riƙa horar da 'yan ƙwallon makaranta tun ana buga ta ba takalmi. Ya rasu yana bakin aiki, ya bar mata biyu da 'ya'ya, ƙananan cikinsu suna firamare. Ƙungiya ta fara tara kuɗi, amma kan mutane ya rabu: wasu sun ce gasar kofi da sunansa, wasu rijiyar burtsatse a makaranta, wasu ɗan littafin tarihinsa. Kuɗin ba zai ɗauki duka ba. Masu sani, da wanne za a fara, kuma ina ake yawan samun matsala?

Ma'aikacin Fansho:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Kafin kofi da rijiya, ku fara da haƙƙinsa da ke hannun gwamnati, domin galibi ya fi duk abin da za ku tara yawa, kuma shi ne yake maƙalewa shekara da shekaru saboda babu mai bin sa.

Ku ware mutum biyu, ɗaya daga ƙungiya, ɗaya daga gidan. Su haɗa takardar shaidar rasuwa ta asibiti da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, takardar ɗaukarsa aiki ta farko, takardar tabbatar da shi a aiki, ta ƙarin girma na ƙarshe, takardun albashi na watannin ƙarshe, da wasiƙar shugaban makaranta mai sanar da ma'aikata rasuwar. Sai takardar kotu da ta bayyana magada da wanda zai karɓa a madadinsu. Kowace takarda a yi mata kwafi uku, kada a bar ta asali a teburin kowa.

Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa a asusun fansho, mai ɗaukar aiki kashi 10, kuma akwai inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba ga wanda ya rasu yana aiki. Amma malamin jiha dokar jiharsa yake bi. Wasu jihohin sun ɗauki tsarin tarayya, wasu kamar Kano da Jigawa suna da nasu asusun. To ku fara tambayar wane tsari yake ciki.

Abin da ya fi mayar da fayil baya shi ne saɓanin suna da na ranar haihuwa. A wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a banki kuma an sa sunan gari a ƙarshe. A gyara wannan da takardar rantsuwa ta kotu tun kafin a miƙa. Sannan wanda ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba shi ne mai kuɗin ba, wakili ne kawai. Rashin fahimtar wannan ya raba gidaje da yawa.

Hajiya Malama:

Na goyi bayan wannan, amma Sakatare, ku kula da yadda za ku shiga gidan. Matan suna cikin takaba, wata huɗu da kwana goma, saura fiye da wata biyu ke nan. Kada maza goma su taru su je da kyamara. A tura tsofaffin ɗalibai mata ko matan 'yan ƙungiya, ko a yi magana ta hannun ƙanin mamacin ko babban ɗansa.

Duk abin da za ku bayar, ku faɗi da baki kuma ku rubuta na wane ne. Kuɗin da kuka tara bayan rasuwarsa ba dukiyar Malam ba ce, don haka ba gado ba ne, kyauta ce ga wanda kuka ambata. Idan kuka miƙa ambulan kuka ce "ga na iyali", kun kunna rigima, domin wasu za su ce a raba shi rabon gado, inda matan biyu za su raba tumuni tsakaninsu, wasu su ce na marayu ne. Ku ce kaza na uwargida, kaza na amarya, daidai wa daida, kaza kuma na karatun yara. Na karatun kada a ba da shi a dunƙule. A riƙe a asusun ƙungiya, kowane zango a biya makaranta kai tsaye, a sayi yunifom da littattafai, a ajiye rasit. Buhun hatsi duk bayan wata uku ya fi kuɗi mai kauri sau ɗaya, domin 'yan gaisuwa suna watsewa, tukunya kuwa ba ta daina hawa murhu.

Batun addu'ar shekara kuma, malamai sun saɓa a kai. Ku bi abin da gidan suke a kai, kada ƙungiya ta shigo musu da abin da ba sa yi.

Alƙalin Wasa:

Ni ban yarda a jefar da maganar gasa ba. Mutumin da ya yi shekara 30 yana tsayuwa a rana da usur a wuya, a fili ya kamata yara su riƙa jin sunansa. Kuma ita ce mafi arha idan an san yadda ake yi. Abin da ke kashe ta shi ne a fara da girma: a gayyaci ƙungiyoyi 32, a yi rumfa da makaɗa, kuɗi su ƙare a shekarar farko, kofin ya koma saman kabad a ofishin firinsifal.

Ku fara da makarantu 8, sili-ɗaya-ƙwale. Wasa 7 ke nan, 8 idan za a nemi na uku, mako biyu ya isa. A nemi izinin ofishin ilimi na shiyya a rubuce tukuna. Lokaci mafi kyau shi ne Nuwamba, a zangon farko, kafin jarrabawar ƙarshen zango. Daga Maris zuwa Mayu zafi zai kayar muku da yara, daga Mayu zuwa Yuli kuma WAEC da NECO sun kwashe 'yan aji shida. A duba kalanda kowace shekara saboda azumi.

A take wasa ƙarfe 4:15 bayan la'asar, minti 35 kowane zagaye, hutu minti 10. In an tashi kunnen doki a wuce bugun fenariti kai tsaye, ba ƙarin lokaci, domin a lokacin sanyi wajen ƙarfe 6 rana ta faɗi. Kayan aiki: ƙwallo lamba 5 guda huɗu da famfo, raga biyu, farar ƙasa ta zana layi, tutocin kusurwar fili, akwatin taimakon gaggawa da ma'aikacin lafiya ɗaya, da buhun fiya wata uku ko huɗu kowane wasa. Alƙali ɗaya da mataimaka biyu, a ɗauko su daga ƙungiyar alƙalan wasa ta ƙaramar hukuma, a biya su a ranar. Kada malamin wata makaranta da ke cikin gasar ya busa.

Babbar fitina ita ce sojan haya, wato a ɗauko ƙato daga kulob ɗin unguwa a sa masa rigar makaranta. Maganinsa: mako biyu kafin farawa kowace makaranta ta kawo sunaye 18 da hotuna da lambar shiga makaranta, firinsifal ya sa hannu da hatimi a kan hoton, a duba kafin kowane wasa a gaban kyaftin ɗin abokan karawa. Wanda aka kama, an cire makarantarsa. A rubuta wannan a dokar gasa tun farko. Kofi ya zama na yawo, a riƙa mayar da shi kowace shekara. Kyauta kuma ta zama riguna, ƙwallaye da littattafai. Da zarar an sa tsabar kuɗi, manya sun shigo, faɗa ya biyo baya.

Tsohon Firinsifal:

Malam Alƙali ya yi gaskiya, sai dai gasa tana iya jiran baɗi. Abin da ba ya jira shi ne tarihin, saboda waɗanda suka san shi tun yana saurayi tsofaffi ne. Wannan kusan ba ya cin kuɗi. A sami ɗalibi ɗaya mai haƙuri da waya, ya zauna da abokan aikinsa na farko, da abokan karatunsa na kwalejin horon malamai, da kyaftin-kyaftin na shekaru daban-daban, da liman ɗin unguwarsu. Kada a tambaye su "wane irin mutum ne", kowa zai ce mutumin kirki ne, ba a sami komai ba. A tambaya: wane aji ya fara koyarwa, yaya yake hukunta wanda ya makara atisaye, wa ya taɓa biya wa kuɗin jarrabawa, da me ake kai 'yan wasa wani gari.

Shekaru kuwa kada a dogara da ƙwaƙwalwar kowa. A ɗauko su daga fayil ɗin aikinsa da kundin tarihin makaranta da firinsifal yake rubutawa, nan ne ake samun ranar da ya zo da ranar da aka ci kofi. Tsofaffin hotuna a yi musu sikanin a mayar wa masu su a makon, a rubuta sunayen da ke ciki tun ana gane fuskoki. Hoton matansa da 'ya'yansa mata ba ya shiga sai da izininsu. Shafi 32 ya wadatar, kuma babban ɗansa ya karanta kafin a kai maɗaba'a.

Mai Haƙar Rijiya:

Rijiya sadaka ce mai gudana, ba musu, amma sai tana ba da ruwa. Kada a haƙa sai an yi binciken ƙasa, musamman inda dutse yake kusa, kuma a nisanta ta da masai aƙalla mita 30. A makaranta tuƙa-tuƙa ta fi mai sola sauƙin riƙo: ba ta da farantin sola da za a sace, kuma robobin cikinta da suke cinyewa ana samunsu a kasuwa. A rubuta da ɗan kwangila cewa cikon kuɗinsa sai an ga ruwa bai ƙafe ba a watan Afrilu, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa. A ware kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don gyara, a damƙa wa kwamitin iyaye da malamai. In ba za a iya wannan ba, a gyara wadda ta lalace a makarantar, in akwai.

Sakataren Tsofaffin Ɗalibai:

Allah ya saka muku da alheri. Zan kai wa taro haka: bin haƙƙinsa da ɗaukar hirarraki a fara yanzu, rabin kuɗin a ware wa karatun yara da abincin gida, gasa a Nuwamba da makarantu 8, rijiya sai an sake tarawa. Malam Ma'aikacin Fansho, takardar kotun nan, ta kotun shari'a da za ta raba gadon ta isa, ko sai an je babbar kotu?

Ma'aikacin Fansho:

Ya danganta da ofishin da zai biya. Wasu suna karɓar umarnin kotun shari'a mai hatimi, wasu sai takardar kula da dukiyar mamaci daga babbar kotun jiha. Ku je ofishin fanshon ku karɓi jerin abin da suke buƙata a rubuce kafin ku biya ko sisi a kotu.