Na yi azumi uku, an ce kaffarata ba ta faɗi ba

Assalamu alaikum malamai, Allah ya ƙara ilimi. Daga Ƙauran Namoda nake. Bara mun samu saɓani da yayana kan rabon gonar gado, raina ya ɓaci, na rantse da Allah ba zan ƙara taka gidansa ba. Sau uku na maimaita, a ranaku daban-daban. Sai ga Inna ta kwanta ciwo, kuma a gidansa take jinya. To ya zan yi? Na shiga, ban kuma yi nadama ba.

Washegari na fara azumi, na yi uku a jere. Yanzu wani abokina a kasuwa ya ce aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta fara ne da ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa. Azumi na wanda bai da hali ne. Ni kuwa gaskiya akwai gero a rumbuna.

Shin azumin ya wadatar, ko sai na ciyar? Kaffara ɗaya ce a kaina ko uku? In ciyarwar ce, almajiran unguwarmu sun shiga cikin miskinai? Ɗanyen hatsi zan auna musu ko dafaffe?