Mai Kyamara da Masu Wankin Kuza

Ɗan Gangare: Na kalli fim ɗin mutuminmu Mai Kyamara a kan matan da ke wankin kuza, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Zuma. Ga goronsa:

Ka sa rigar sanyi ka ɗau kyamara,
Ka je Bukuru gun masu wankin kuza.
Iya na ruwa har gwiwa tun asuba,
Ka ce, "Ɗaga kwanon sama, kar ki gaza."
An tafa maka a Abuja wajen bikin Zuma,
Ta kwana da yunwa, kai ka ci kaza.

Mai Kyamara:
Ɗan Gangare, kazar nan ban gan ta ba,
Babur ɗina na sayar, ba ka sani ba.
Turawa sun kwashe kuza sun bar ramuka,
In ban haska ba, wa zai duba?
Kududdufan na cin yara, suna cin shanu,
Kana shayi a Terminus, ba ka leƙa ba.

'Yar Rikkos: Kai, yayana, ka gama da shi! Ai ba banza ba hukumar fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, take zaune nan Jos da makarantarta.

Bakano:
Fim ba rawa, ba waƙa, ba amarya,
Wa zai ƙona data kan tsohuwa da ƙwarya?

'Yar Rikkos:
Ku je ku ci gaba da zagaya bishiya,
Mu kyamararmu ba ta yin ƙarya.

Malam Na-Dilimi: Ku dakata. Ɗan Gangare, ɗangonka na farko gaɓa 11 ne, na biyar kuma 15. Wane kari ke nan? Ba Kamil ba, ba Rajaz ba. Kai kuma Mai Kyamara, amsa-amo da "ba" aikin rago ne, kowa ya ce "ban yi ba" ya zama sha'iri.

Ɗan Gangare: Allah gafarta Malam, rerawa ake yi, ba awo ba. Ja muryar ka ji ta zauna.

Malam Na-Dilimi: Na ja har na yi tari, ɗingishi take.

Bakano: Malam ya fi ku gaskiya. Nawa fa?

Malam Na-Dilimi: Naka ya fi muni.

Ɗan Gangare: Kwana biyu wayata ba caji. Mu koma kan mutumina:
Na ji batun babur, Allah maida alheri,
Ita Iya ta kalla, ko sai manyan gari?

Mai Kyamara:
Na ɗaura farin zani jikin katanga,
Na yi hayar janareta, aka cika danga.
Da ta ga kanta sai ta kama haɓa,
Ta ce, "Ɗan nan, ka bar ni da ɗankwali a karkace?"

Malam Na-Dilimi: Katanga, danga, haɓa, karkace. Ina amsa-amon ya shiga?

Mai Kyamara: Haka ta faɗa, Malam. Ba na gyara maganar mutane.

'Yar Rikkos: Yaya, kasuwar Terminus fa? Tun 2002 da ta ƙone mahaifiyata ke kasa kaya a bakin titi. Ta ce in ka tashi zuwa ka sanar da ita, ta ɗaura nata daidai.