Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne: a bakin wa ta dace?

Malamin firamare, Ringim: Assalamu alaikum. Ina neman a warware mini wata karin magana da na ji sau biyu a mako ɗaya, kuma ma'anar farko ta saɓa wa ta biyu. Ranar Talata matan unguwarmu suka haɗa kuɗi domin wata maƙwabciya da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, da na yaba musu sai babbarsu ta ce, "Ai Malam, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne." Ranar Juma'a kuma na tambayi wani magidanci a majalisa ko iyalinsa ta fara zuwa awo, tun da cikin ya tsufa, sai ya ba ni amsa da wannan maganar dai, wato shi babu ruwansa. Wane ne ya ajiye ta a muhallinta?

Tsohuwar ungozoma, Jahun, ta hannun jikarta: Wa alaikumus salam, Malam. Matan ne suka yi daidai. Ciwon da ake nufi shi ne irin wanda ake cewa wane ya san ciwon kansa, ko wance tana jin ciwon 'yar'uwarta, wato kishi da tausayi. Muna faɗinta ne idan an saki mace da goyo ba da haƙƙinta ba, ko idan kishiya ta ajiye gaba ta riƙe kishiyarta a kan gwiwa. Magana ce ta mata, domin su tashi su taimaki juna, kuma namijin da ya ɗauke ta ya wanke hannunsa da ita aron bakinmu ya yi ya ci mana albasa.

Dattijo, Kafin Hausa: Inna, ban ƙi taki ba, amma kada a ɗora wa magidancin nan laifin duka, domin a haka muka taso. Yarinya mai cikin fari akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, miji ba ya shiga ɗakin haihuwa, sau da yawa ma sai jariri ya faɗo ake aiko masa da albishir. Wanda ya cika tambayar lafiyar ciki kuwa, tsofaffin gidan ne za su fara cewa ba shi da kunya, abokai kuma su sa masa suna mijin-ta-ce. Idan an shekara ana ce wa mutum wannan sha'anin mata ne, ba abin mamaki ba ne ya fahimci karin maganar yadda ya fahimce ta.

Malamar asibiti, ɗakin haihuwa: Baba, gaskiya ne an hana maza shiga ɗaki, amma ba a karɓe musu izini da kuɗi da abin hawa ba, kuma a kan waɗannan ukun rai yake tsayawa ko ya tafi. A wajen aiki muna lissafa jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar a fita, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun namu ne, kuma ba na kare mu a kansa. Na farko da na biyu kuwa a hannun maigida suke. Na sha karɓar yarinyar da ta kwana biyu tana naƙuda saboda mijinta ya tafi cin rani, kuma babu wanda ya yarda ya ba da izini a madadinsa. Idan kan jariri ya daɗe a tokare, yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa, wannan kuma shi ne yoyon fitsari. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF take aikin haihuwa da ɗinkin masu yoyo a babban asibitin Jahun, a Kano kuma akwai cibiyar ɗinkin masu yoyo ta Laure a asibitin Murtala. Haka jijjiga take: kumburin fuska da ƙafa da ciwon kai mai tsanani alamun hawan jini ne, awo kan gano shi da wuri, amma sai a ce iska ce, a tsaya hayaƙi da tofi har mace ta fara taune harshe. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ɗaga yawan zuwa awo daga huɗu zuwa takwas, kuma kowane zuwa kuɗin mota ne da sai an roƙa. A ƙiyasinta na shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne. To, ta yaya wannan zai zama ciwon 'ya mace ita kaɗai?

Direban haya, Miga: Malama, ni shaida ne. Da damina, idan kogin Haɗeja ya cika, akwai ƙauyukan da sai an fito da mace a amalanke ko a kwalekwale kafin ta iso inda motata za ta iya tsayawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lokacin da aka ce ana buƙatar ƙarin jini, sai ka ga mazan da suka rako ta suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, wai kada ƙarfinsu ya ragu ga aikin gona.

Ɗalibar koyon aikin jinya, Birnin Kudu: Da izinin manya, ina ganin ko a bakin mata maganar tana da kaifi biyu. Kakanninmu ne suke yabon yarinyar da ta haihu ita kaɗai ba a ji motsinta ba, su ne kuma suke cewa mai cikin fari ta ɓoye naƙuda saboda kunya, alhali Hausawan nan dai su suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Su ne suke tsare mai jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, da kunun kanwa kofi bayan kofi, ga shi kuwa likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da zafin nan da ciwon zuciyar da kan kama masu jego. Idan ciwon namu ne, ashe har da mu a cikin masu ƙara shi.

Tsohuwar ungozoma: 'Yar nan, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi wa mata da yawa wankan jego, kuma da niyyar alheri na yi, domin abin da muka gada ke nan. Yanzu ina surka ruwan, na rage kanwa, kuma idan naƙuda ta kwana ko jini ya ƙi tsayawa ni da kaina nake fita zaure in ce a nemo mota. Sai dai ki sani, ranar da na fita zauren na tarar babu namijin da zai ce a tafi, komawa ɗaki nake yi in ci gaba da addu'a.

Dattijo: To Inna, idan maigida ba ya nan, me zai hana ya bar izini da kuɗin mota a hannun mahaifiyarsa ko mai unguwa kafin ya tafi? Ni dai ban taɓa jin malamin da ya hana haka ba.

Malamin firamare: Na karanta wa magidancin nan amsoshinku jiya bayan la'asar. Har yanzu yana kan cewa fassararsa ma Hausa ce, kuma bai ga dalilin da zai sa mata su mallake karin magana ba. Amma ya tambaye ni ranar da ake awo a asibitin garinmu, na ce masa zan tambayo matata.