Jitar dala 1,500 ga mai kiɗan ɗaki: sha'awa ce ko almubazzaranci?

Kawu: Ni dai maganata guda ce: wanda ba da kiɗa yake cin abinci ba, in ya sayi jita mai tsada, almubazzaranci ya yi. Ga Auta wai jitar lantarki Fender Stratocaster ƙirar Amurka yake tara wa kuɗi, ta haura dala 1,500. Ku juya ta zuwa naira ku gani. Kuma a ɗaki zai riƙa kaɗa ta shi kaɗai.

Auta: Haba Kawu, gumina ne fa. Wani tattabaru yake kashe wa kuɗi, wani doki, ba mai cewa uffan. Sai jita?

Malamin lissafi: Ƙanena, wani shugaban kamfanin Fender da bakinsa ya taɓa cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu fara koyo suna ajiyewa a shekarar farko. Kuma suna da Squier, siffa ɗaya, ƙarama cikinsu ba ta kai dala 300 ba. Me ya hana ka ita?

Ɗan Agadas: Ku zo nan ku ga masu kiɗan biki. Mdou Moctar, shahararren makaɗin Abzinawa na Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar mawaƙan Abzinawa Tinariwen ma da gwangwani ya fara, kuma a 2012 suka ci babbar kyautar waƙa ta Grammy. Hannu ne ke kiɗa.

Auta: To Yaya, yanzu me Mdou Moctar yake ratayawa in ya hau dandamali? Stratocaster. Da wayar birki ta wadatar, da bai sake ta ba.

Ɗan Agadas: Shi sana'arsa ce. Kai fa?

Mai gyara: Duk kun bar inda kuɗin ke zurarewa. Yawancin jitocin da ake kawo mini wai ba su da kyau, gyara kawai suke so. Tsirkiya ta yi nisa da wuyan jita, mai koyo ya danna har yatsu su yi kanta, sai ya ɗora laifin a kan araha. A daidaita ƙarfen da ke cikin wuyan, a sauke gadar, a sa sabbin tsirkiyoyi, shi ke nan. Hunturu kuma bai san tsada ba: katako ya bushe, bakin ƙarafunan ya fito yana yankar hannu. Damina ta zo, tsirkiya ta yi tsatsa. Sannan jitar lantarki in ba amfilifaya (na'urar ƙara sauti) mai kyau, kuɗinka ka zubar. Na ga wanda ya tara akwatunan canza sauti cike da tabarma, amfilifayar kuwa sai ƙugi take yi in an tayar da janareto.

Kawu: Ka ji ko? Jitar Kurt Cobain, marigayi mawaƙin Amurka, dala miliyan 6 aka saye ta a 2020. Suna aka saya, ba sauti ba.

Auta: Wannan gwanjon attajirai ne, Kawu. Kuma Fender ta Amurka in ka gaji da ita, tana da masu saye.

Malamin lissafi: A ina? A Kano wa zai ba ka rabin kuɗinta?

Mai gyara: Auta, kawo mini tsohuwar taka ranar Asabar in duba wuyanta tukuna. Ka zo da tsirkiya sabuwa, nawa sun ƙare.